Shedeur Sanders: Gwarzon Jami'a da Magoya Bayansa Suka Raka Gasar Manya

Daren Alhamis 24 ga Afrilun 2025, jama'a sun yi cikar kwari a garin Green Bay na ƙasar Amurka, inda ake bikin zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon nan ta Amurkawa mai kama da zari-ruga. Can kudu kuwa, a gidan iyalan Sanders da ke jihar Texas, an ƙawata ɗaki na musamman, an kafa kyamarori, dangi da abokan arziki sun taru suna jiran a kira sunan Shedeur Sanders, matashi ɗan shekara 23 da ya gama tashe a Jami'ar Kolorado.

Watanni kafin wannan dare, masu sharhi da dama suna lissafa shi cikin mutanen farko da za a ɗauka. Aka kira sunaye 32, aka tashi babu nasa. Washegari Juma'a aka yi zagaye na biyu da na uku, shiru kake ji. Sai ranar Asabar, a zagaye na biyar, ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi a matsayin mutum na 144. Kafin shi an riga an ɗauki masu irin gurbinsa har biyar, ɗaya daga cikinsu ma, Dillon Gabriel, ita Browns ɗin ce ta zaɓe shi tun ranar Juma'a.

A waɗannan kwana uku maganar Shedeur ta danne ta kowa, har da ta Cam Ward da Tennessee Titans ta ɗauka na farko. Mel Kiper, gogaggen mai sharhi na tashar ESPN, ya fusata a bainar jama'a, yana zargin ƙungiyoyin da rashin sanin aikinsu. Shugaba Donald Trump ya yi rubutu a dandalinsa yana caccakar masu ƙungiyoyin. Wani magoyin baya a jihar Jojiya ya garzaya kotu yana neman NFL ta biya shi dala miliyan 100 saboda baƙin cikin da aka jefa shi. Rigar Shedeur mai lamba 12 kuwa ta shiga sahun waɗanda aka fi saya cikin rigunan sababbin 'yan wasa, tun bai taka fili ba.

Mutum ɗaya, nauyin goma sha ɗaya

Kafin a gane dalilin wannan ƙura, sai an san gurbin da yaron yake bugawa. Kwatabak shi ne jagoran masu kai hari. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne a fili, kuma masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun kasa a karɓe. Kusan duk lokacin da za a tayar da wasa, ƙwallo hannun kwatabak take fara zuwa. Shi zai miƙa wa mai gudu, ko ya jefa wa mai cafewa, ko ya ruga da kansa.

Koci yana faɗa masa dabarar da za a bi ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa. Daƙiƙa 40 ake da su tsakanin tayarwa da tayarwa, kuma da zarar saura 15 sai a katse rediyon. Daga nan shi kaɗai ne. Zai dubi yadda masu tsaro suka jeru, ya gano inda za a ɓullo masa, ya sauya dabara in ta kama. Da ya karɓi ƙwallo kuma, daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku gare shi kafin ƙarti masu nauyin kilo 120 ko fiye su danne shi.

Shi ya sa wannan gurbi ya fi kowanne tsada, ya kuma fi kowanne shan zagi. In an ci, sunansa ake kira. In an sha kashi, ko da masu tare masa ne suka bari aka shigo, shi ake nunawa da yatsa.

Inda soyayyar ta samo tushe

Baƙo zai ɗauka wasan jami'a wasan yara ne. A Amurka ba haka abin yake ba. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi duk wani fili na NFL girma. Jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma ba su da ƙungiya ko ɗaya a NFL, don haka ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha. A Nebraska, tun 1962 ake sayar da tikitin kowane wasan gida ƙaf. Kaka ya yi makarantar, uba ya yi, jika ya taso ana kai shi filin a kafaɗa.

Yaron da ya zo irin wannan wuri yana ɗan shekara 18, jama'a sun ga farkon rawar jikinsa, sun ga ranar da ya fara ci, sun ga ranar da ya tashi da ɗingishi ya ƙarasa wasa. Bayan shekara uku ko huɗu sai ya tafi, kuma ba shi zai zaɓi inda za shi ba, domin a tsarin NFL ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a bara ita ke fara zaɓe. Sai magoya bayansa su tattara su bi shi. Mai karatu da ya tuna lokacin da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016 zai gane wannan hali: mutane da yawa a Kano da Jos sun fara bibiyar ƙungiyar da a da ba ta dame su ba, kuma zaman ɗansu a benci ya fi sakamakon wasan ci musu rai.

Lamarin Shedeur ya ma zarce haka, domin gida biyu ne suka raine shi. Ya fara a Jackson State da ke Mississippi, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fata, inda mahaifinsa Deion Sanders yake koci. Shekara biyu a jere, 2021 da 2022, suna cin kofin rukuninsu. Ga baƙaƙen Amurka da dama, ganin ɗan babban tauraro ya zaɓi irin wannan makaranta abin alfahari ne da ba su manta ba.

Daga nan uba da ɗa suka koma Kolorado, ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya tak cikin 12 a shekarar 2022. A wasansa na farko, a Satumbar 2023, Shedeur ya jefa ƙwallo ta yadi 510, suka doke Jami'ar TCU wadda ta buga wasan ƙarshe na ƙasa a kakar da ta gabata. Filin da a da ake ganin kujeru wayam ya koma ba masaka tsinke. A 2024 suka ci wasa tara, shi kuma kusan kashi 74 cikin 100 na jifansa sun isa hannun abokan wasansa. 'Yan kwanaki kafin bikin zaɓen, jami'ar ta jingine lambarsa ta 2, ba mai ƙara sa ta.

Sannan ga uban. Deion Sanders ya ci Super Bowl, babban kofin NFL, sau biyu, kuma yana cikin fitattun masu tsaron baya a tarihin wasan. A wurin masoyansa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutanen da suka ga wannan duka da idonsu, ba za ka gamsar da su cewa akwai mutum 143 da suka fi yaron nan ba. Kuma a kan wannan lissafi kaɗai, suna da gaskiya.

Abin da masu ɗauka suka gani

Sai dai ƙungiyoyin NFL ba ladan abin da ya wuce suke biya ba. Tambayarsu guda ce: abin da yake yi a can, zai yiwu a nan?

Manyan ƙungiyoyin jami'a sun haura 130, na NFL 32 ne kacal, kuma ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ake ɗauka. Mai tsaron da kwatabak yake haɗuwa da irinsa sau ɗaya ko biyu a shekara a jami'a, a NFL kowane mako irinsu 11 ne a gabansa. A jami'a yana iya jira sai ya ga abokinsa ya kuɓuce sarai kafin ya jefa. A NFL dole ya saki ƙwallo tun abokin bai juyo ba, zuwa wurin da yake sa ran zai isa. Wanda ya jira ya gani da ido, ya makara.

A nan masu tantancewa suka sa wa Shedeur alamar tambaya. Ba wanda ya musa saitin hannunsa ko taurin zuciyarsa. Amma a shekara biyu a Kolorado an kayar da shi da ƙwallo a hannu sama da sau 90. Masoyansa sun ce masu tare masa ne ba su da ƙarfi, kuma haka ne. Masu sukarsa sun ce yana riƙe ƙwallo ya daɗe, kuma in an matso shi baya yake ja maimakon ya kutsa gaba ko ya yar da ita waje. Wannan ma haka ne. Ƙarfin jifansa da gudunsa kuma tsaka-tsaki ne, ba irin na su Josh Allen ko Lamar Jackson da ke rufe kuskure da baiwar jiki ba.

Akwai kuma abin da ya faru a bayan fage. Bai yi jifa a taron gwajin da ake yi wa sababbi a Indianapolis ba. Bai ɗauki wakili ba. Kafofin labarai sun ruwaito wasu jami'an ƙungiyoyi, waɗanda suka ɓoye sunayensu, suna cewa ganawarsu da shi ba ta yi armashi ba. Tun kafin nan mahaifinsa ya taɓa faɗa a fili cewa akwai garuruwan da ba zai yarda ɗansa ya je ba. Ga shi kuma kusan duk rayuwarsa ubansa ne kocinsa, abin da ya sa wasu suke tunanin yadda zai ɗauki faɗan wani.

Ina ganin a nan ne soyayyar jama'a ta fara yi masa illa. Da zarar ƙungiyoyi sun yanke cewa ba shi za su ba ragama nan take ba, sai ya koma sahun 'yan jiran gado. Shi kuwa ɗan jiran gado, koci yana son wanda zai zauna shiru ya koyi aiki. Ba kocin da ke son kowane mako 'yan jarida su bar maganar wasa su riƙa tambayarsa yaushe zai sa mutum na uku. Yawan masoyan da ya kamata ya ɗaga darajar yaron, shi ya taimaka wajen tura shi zagaye na biyar.

Zancen launin fata

Masoyansa da yawa sun ce wariya ce, an so a ladabtar da baƙin yaro mai ji da kansa da ubansa mai faɗin albarkacin baki. Bai kamata a yi watsi da wannan ƙorafi ba, domin yana da tarihi. Shekaru da dama ana ganin baƙar fata bai dace da wannan gurbi na tunani da jagoranci ba. Warren Moon, da ba wanda ya ɗauke shi a 1978, sai da ya je Kanada ya ci kofuna kafin a buɗe masa ƙofa. Doug Williams ne baƙin kwatabak na farko da ya ci Super Bowl, a 1988. Ko a 2018 an sami tsohon babban jami'i da ya ba Lamar Jackson shawarar ya sauya gurbi, mutumin da daga baya ya zama gwarzon gasar har sau biyu.

Amma wanda aka ɗauka na farko a 2025, Cam Ward, baƙar fata ne. Haka Caleb Williams da Jayden Daniels, na ɗaya da na biyu a 2024. Haka Bryce Young da C.J. Stroud a 2023. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, ji da kai da ake kira ƙwarin gwiwa a wurin wani, a wurin wani girman kai ake kiransa, kuma jami'an da suka ɓata sunan yaro ɗan shekara 23 a ɓoye ba su yi adalci ba. Wannan ƙorafi ne mai tushe. Bai share tambayoyin da ke kan wasansa ba.

An taɓa yin haka da Tebow

Wanda ya daɗe yana bin wasan ya san an taɓa ganin irin wannan. Tim Tebow ya ci kofin ƙasa sau biyu da Jami'ar Fulorida, ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'a a 2007, har mutum-mutuminsa aka kafa a ƙofar filinsu. Ga shi mai riƙo da addininsa na Kirista a fili, abin da ya jawo masa masoya har cikin waɗanda ba ruwansu da ƙwallo. Denver Broncos ta ɗauke shi na 25 a 2010, duk da masana suna cewa yadda yake wurga ƙwallo yana cin lokaci.

A 2011 Broncos ta fara kaka da shan kashi huɗu cikin wasa biyar. 'Yan kallo suka dinga kiran sunansa, wasu har allon talla suka kafa a gari suna neman a sa shi. Aka sa shi. Ya ci wasa bakwai cikin 11, yawanci a mintunan ƙarshe, sannan ya fitar da Pittsburgh Steelers a zagayen sili-ɗaya-ƙwale da jifa guda mai yadi 80. Masoyansa suka ce magana ta ƙare.

Amma a duk kakar, ƙasa da rabin jifansa ne suka isa inda aka nufa. Mako guda bayan nasarar, New England Patriots ta lallasa su 45 da 10. A watan Maris na 2012 Broncos ta ɗauko Peyton Manning, ta tura Tebow New York Jets, kuma bai ƙara jagorantar wata ƙungiya a wannan gurbi ba. Har yau a Fulorida akwai masu cewa ba a ba shi dama ba. So hana ganin laifi.

Ita ma Cleveland ta ɗanɗana nata. A 2014 ta ɗauki Johnny Manziel na Jami'ar Texas A&M, wanda ya ci Heisman a 2012, aka yi ta rububin rigarsa. Kafin shekara biyu ta cika an sallame shi, bayan wasa mara daɗi da rikice-rikice a wajen fili.

Da aka shiga fili

Garin da Shedeur ya faɗa gari ne da ya gaji da jira. Rabon Browns da kofin gasa tun 1964. A 2017 ta buga wasa 16 ba ta ci ko ɗaya ba. Tun dawowarta gasar a 1999 ta gwada kwatabak sama da 40. A irin wannan wuri duk sabon da ya zo ana yi masa kallon mai ceto, kuma da ya yi tuntuɓe sau biyu ake fara neman wani.

Shedeur ya fara a ƙasan jeri. Tsoho Joe Flacco ne ya buɗe kakar 2025, daga baya aka miƙa wa Gabriel, aka tura Flacco Cincinnati. Duk ranar da Gabriel ya yi jifar banza, sai a ji ana kiran Shedeur. Gabriel kuwa, shi ma sabo ne mai neman abin kansa, ya yi makonni yana wasa a gaban mutanen da ke jiran faɗuwarsa. Ba laifin Shedeur ba ne, amma nauyi ne da masoyansa suka ɗora wa abokin aikinsa.

Ranar 16 ga Nuwamba Gabriel ya bugu a kai a wasansu da Baltimore Ravens. Shedeur ya shigo, fili ya kaure da sowa. Cikin jifa 16, huɗu ne suka isa, abokan hamayya suka sare masa ɗaya, aka ci su. Sai aka ji cewa kafin ranar bai saba yin atisaye da 'yan sahun farko ba. Masoyansa suka ce da gangan aka yi don a kunyata shi. Masu sanin aikin suka ce haka ake yi wa duk ɗan benci a tsakiyar kaka, domin lokacin atisaye kaɗan ne.

Mako na gaba ya fara wasa tun daga farko, suka doke Las Vegas Raiders 24 da 10. Rabon da wani sabon kwatabak na Browns ya ci wasan farko da ya jagoranta a NFL tun 1995. A watan Disamba ya jefa ta yadi sama da 360 a karawarsu da Titans, duk da haka aka ci su da ƙyar. Akwai kuma ranakun da tsohon halinsa ya dawo, ya riƙe ƙwallo, ya ja baya, aka kayar da shi. Ya jagoranci wasa bakwai, ya ci uku, kuma ƙwallayen da aka sare masa sun fi waɗanda ya jefa aka ci yawa. Kowane ɓangare ya tsinci abin da zai kafa hujja da shi.

Haƙurin da ya yi ƙaranci

Tarihin wannan gurbi bai goyi bayan mai saurin yanke hukunci ba. Peyton Manning, a shekararsa ta farko a 1998, an sare masa ƙwallo 28, ƙungiyarsa ta ci wasa uku kacal. Troy Aikman ya jagoranci wasa 11 a 1989 bai ci ko ɗaya ba, daga baya ya ɗauki Super Bowl uku. Aaron Rodgers shekara uku ya yi a benci. Patrick Mahomes ya zauna kusan duk kakar 2017 yana kallon Alex Smith. Lambar da aka ɗauki mutum ma ba ta yanke masa ƙaddara: Tom Brady na 199 ne a 2000, ya tashi da kofi bakwai, Brock Purdy kuwa shi ne na ƙarshe ƙaf a 2022, bayan kaka biyu ya buga Super Bowl. JaMarcus Russell da aka ɗauka na farko a 2007, shekara uku ya yi aka sallame shi.

Sai dai lambar tana da tasiri a kan yawan damar da za a ba ka. Kwantiragin Cam Ward ya kusa dala miliyan 49 a shekara huɗu, na Shedeur bai kai miliyan biyar ba. Ƙungiyar da ta zuba dukiya da mutuncinta a kan yaro za ta jure masa kakar wasa biyu ko uku. Ward ma ya sha wuya a 2025, Titans ta ci wasa uku kacal, kuma kocinsa aka kora, ba shi ba. Ɗan zagaye na biyar ba shi da wannan gata. Kuskurensa kaɗan ya isa a duba wani.

A watan Janairun 2026 Browns ta sallami kocinta Kevin Stefanski bayan kammala kaka da nasara biyar. Ma'ana Shedeur zai koyi sabon tsari a hannun mutanen da ba su suka raine shi ba, kuma ba abin da ya ɗaure su da shi.

A ganina yaron ya nuna abin da ya isa a ci gaba da gwada shi, bai nuna abin da zai sa a damƙa masa ƙungiya ido rufe ba. Wasa bakwai a bayan masu tarewa marasa ƙarfi ba su isa a ɗaga shi ko a binne shi ba. Hakkinsa a kan Browns shi ne cikakken atisaye da 'yan sahun farko da gasa ta gaskiya da sauran masu neman gurbin. Masoyansa na Jackson da Kolorado kuwa, in da gaske makomarsa suke so, su daina fassara kowace shawarar koci da maƙarƙashiya, su daina yi wa abokan wasansa ihu, su bar shi ya yi kuskure ya gyara kamar kowane sabon shiga.